Wanda Ya Watsa Littafin Malam Ɗalhatu

Uwani na kwashe ƙosan ƙarshe daga kasko 'yan sanda biyu suka yi sallama a ƙofar gida. Ko hula ba su bari mijinta, Malam Ɗalhatu, ya ɗauka ba. Abin da kawai ta jiyo daga zaure shi ne, "Kai ne mai littahi?"

Ta san littafin, ko da yake ba ta iya karatun boko ba. Shekara biyu Malam yana rubuta shi bayan La'asar, don ɗalibansa 'yan sakandare a Bodinga. Ya taɓa ba ta labarin da baki. Wai nan da shekara sittin za a lulluɓe garuruwa da rufin ƙarfe, rana ba ta shiga, ruwan sama ba ya sauka. Wata na'ura da ake kira Mai Rabo ce ke ba da hatsi, kuma sai ga wanda aka buga wa lamba a wuyan hannu. Yaran da suka ƙi lambar su ne ke haƙa rami suna neman hanyar fita. Uwani ta nemi tsari, ta ce yara ai sai su kasa barci. Shi dai dariya ya yi.

Sai zamani ya juya. Albashin malamai ya tsaya, Uwani ta kafa kasko a tsakar gida. Malam ya sauko mata da kwalin tsofaffin takardun jarrabawa, ya ce ta riƙa ƙunshi da su.

Shekarar zaɓe ta shigo, shinkafa da taki suka zama sai mai katin jam'iyya. Mai rabon kuwa wani Alhaji Mijinyawa ne na Shagari. Malam ya ga labarinsa ya soma kama da abin da ke faruwa a bakin kasuwa, ya ajiye alƙalami. Ya ce mata ya ɓoye littafin inda ba mai dubawa. Bai faɗi wurin ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Sana'a dai ta yi albarka. Kafin ƙarshen damina 'yan makaranta sun cika mata gida, har da 'yan makarantar kwana da suka fito daga Danchadi da Shagari. Wani ma ya saya, ya fita, ya dawo ya ƙara. Tana yi wa Allah godiya a kan haka bayan kowace salla.

Yanzu ga shi an tafi da mai gidan. Ta zauna ta yi tunani, ta ga mutum ɗaya ne tak ya taɓa riƙe littafin nan a hannu: Malam Nuhu, amininsa tun suna kwalejin horon malamai. Kuma Nuhu ne aka ga sabon buhun taki a zaurensa makon jiya.

Ta yafa gyale ta same shi har gida.

"Nawa sunka ba ka?"

"Uwani, ki ji tsoron Allah. Takin nan na ƙanena ne."

"Da Allah zan bar ka. Allah ya isa tsakaninmu, Nuhu."

Matarsa Atika ta biyo ta har bakin hanya tana kuka. Uwani ba ta waiwayo ba.

Kwana tara Malam na rufe. A na goma ta sayar da tunkiyarta, ta hau mota zuwa Shagari. Tun hantsi take tsugune a ƙofar Alhaji Mijinyawa, sai bayan Azahar aka ce ta shiga.

"Ranka shi daɗe, ɗiya huɗu gare mu. Tatsuniya ce ta yara, wallahi ba da kowa yake ba."

"Tatsuniya?" Alhaji ya gyara zama. "Motata ba ta wuce makaranta yanzu sai yara sun ɗaga mani wuyan hannu suna kiran Mai Rabo. Har cikin gidana. Ƙarƙashin tabarmar ɗiyata Safinatu anka ishe shi, suna musayar shafi-shafi da ƙawayenta."

Uwani ta sunkuyar da kai.

"Mijinki ya amsa shi ya rubuta, amma ya rantse bai ba kowa ba. To wanda ya watsa shi nika so. Ki ba ni suna, yau mijinki shi kwana gida."

Ta tuna Atika. Ta tuna ranar da Nuhu ya goya ɗanta na fari zuwa asibiti a kan keke. Sannan ta tuna Malam, mai ciwon ƙirji, kwance a kan siminti.

"Malam Nuhu," ta ce. "Ba wani ba ne."

Alhaji ya yi wa wani na kusa da shi magana a kunne. Jim kaɗan ta ji mota ta tashi a waje, ta kama hanyar Bodinga.

"Kin kyauta ma kanki," ya ce. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗauri, ya wurga mata a gaba. "Duba aikin da ya yi ma mijinki."

Zaren ya tsinke, takardu suka barbazu a kan darduma. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ta gane su tun kafin ta taɓa su. Ta tuna kwalin tsofaffin takardun jarrabawa. An raba kowane shafi biyu da wuƙa daidai tsakiya, kowane na ɗauke da tabon man gyaɗa, kuma an murɗe bakinsa irin murɗin da ita kaɗai ke yi wa ƙunshin ƙosai a duk faɗin Bodinga.