Tabon Yatsa a Jikin Kwalba

Ina cikin ɗiga sinadari a 'yar kwalbar gwaji sai ga Dakta, mai kula da aikina, ya shigo ɗakin bincike. Ban ɗago ba. Wata takwas na yi a gaban na'urar nan mai hasken UV, ɗigo bayan ɗigo, ina auna yadda ƙananan sinadarai biyu ke kama juna su saki. Jiya mujalla ta buga sakamakon, da sunansa shi kaɗai.

Ya jingina da teburina, ya sassauta murya. "Har yanzu fushi kike? Na yi magana da Baffanki. Ranar Asabar manyana za su zo."

"Ina sunana, Dakta?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli na'urar. "Haba, ke kuwa. In mun yi aure, ai sunana naki ne."

Shekara biyu ina jiran wannan Asabar ɗin, ga ta ta zo lami.

"Kawo in taya ki," ya ce, ya ɗauki kwalbar.

Ya kama ta ta gefen da haske ke ratsawa, inda ko ɗalibin shekarar farko ya san ba a taɓawa. Tabon yatsansa ya fito ɓaro-ɓaro.

Na karɓe ta, na juye ruwan a jarkar shara.

"Ka ce wa manyanka kada su wahalar da kansu. Kuma tunda aikinka ne, ka koyi inda ake riƙe kwalbar kafin a tambaye ka."