Rinin Furfurar Direba

Tun da Direba ya zo ƙasar nan bai samu askin da ya kwanta masa a rai ba. Direba ake ce masa don a gida babbar mota yake ja, amma a nan kwalaye yake ɗauka a wani sito. Yaren mutanen ƙasar kuwa, daga gaisuwa sai "eh" da "yau", iyakar abin da ya zauna a bakinsa ke nan.

A shagon farko, mai askin ya juya kansa hagu da dama kamar mai zaɓen kankana, sannan ya ɗauko almakashi. Almakashi fa, a wannan gashin namu! Haka ya fito, kai duk tudu da kwari. A na biyu ya nuna da yatsu a rage kaɗan, mutumin ya ɗauka kaɗan za a bari, ya yi masa ƙwal-kwabo. Na uku kuwa suna ganinsa suka girgiza kai, suka nuna masa ƙofa. Har yau bai sani ba, layi ne ya cika ko shi ne ba sa so.

Ana haka sai kamfanin motocin bas ya kira shi gwajin tuƙi ran Litinin. Wannan aikin ya daɗe yana jira, don bayansa ya fara gazawa da ɗaukar kaya. Wani abokin aikinsa ya dubi kansa ya ce, "Da wannan furfurar za ka je? Ai sai su ce ka tsufa." Maganar ta tsaya masa a rai.

Matarsa tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta iya yaren sosai. Ta ce, "Baban yara, ka bari in taso aiki mu je tare, in yi maka tafinta."

Ya ce, "Tafinta a wurin aski? Gemai-gemai da ni a ce mace ke riƙe mini baki? Ke dai bar shi kawai."

Ran Asabar ya faɗa wani ƙaramin shago a bayan tashar jirgin ƙasa. Mai askin wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta taɓa gashin sau ɗaya, ta ɗauko inji, ta yi masa saisaye tsaf, ta gyara ƙeya da gaban goshi. Direba ya dubi madubi, daɗi ya kama shi. Rabon da ya ga kansa haka tun yana gida.

Sai ya nuna furfurarsa, ya nuna kwalin baƙin rini da ke kan kantar shagon.

Matar ta yi dogon bayani. Ta ɗiga rinin a auduga, ta shafa masa a bayan kunne, ta nuna kalandar bango, sannan ta kwance mayafin wuyansa. Direba ya yi sororo. Ikon Allah! Furfura tana kai, ana shafa wa kunne? Kalandar kuma ta mece ce? Ko dai ita ma korarsa za ta yi, kamar waɗancan?

Ya riƙe hannun kujera gam, ya buga kansa da yatsa. "Yau! Yau!"

Ta ɗaga kwalin, ta yi masa tambaya a hankali, tana sosa hannunta, tana kumbura kumatu. Direba ya rasa gane kanta. Sauro take nufi? Ko cewa take ya yi ƙiba? Mutum biyu da ke jira suka zuba masa ido, kunya ta rufe shi. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai ya ce, "Eh."

Ta sake tambaya. Ya sake cewa eh, har da ɗaga babban yatsa. Sai matar ta sa safar hannu.

Ya koma gida gashi baƙi wuluk, yana tafiya yana leƙa kansa a gilashin shaguna. Kafin la'asar kai ya fara ƙaiƙayi. Washegari goshi ya haye, kunnuwa suna tsiyayar ruwa, idanu suka rufe ruf. A asibiti likita ya ce rinin ne jikinsa bai karɓa ba, kuma saura kaɗan kumburin ya kai maƙogwaro.

Litinin a kan gado ta same shi. Matarsa ta kira kamfanin ta roƙa, suka ce sai haƙuri, an ba na bayansa gurbin, ba su kuma san ranar da za su sake ɗauka ba. Daga nan ta wuce shagon a fusace, sai ga ta ta dawo jiki a sanyaye.

Direba ya ji shigowarta ya ce, "Kin ci mata mutunci? Cutata ta yi!"

Ta ce, "Baban yara, ba ta cuce ka ba. Gwaji ta yi maka a kunne, ta ce ka dawo bayan kwana biyu a ga ko jikinka zai karɓa. Ka ƙi tashi. Ta tambaye ka ko ka saba shafa shi ba ya yi maka komai, ka ce eh. Har sau biyu."

"Ni? Ni na ce haka?"

"Kai ka ce."

Ya lalubi fuskarsa da hannu. Can ya ce, "Wallahi na ɗauka sauro take tambaya." Hawaye suka biyo ta gefen kumburin, ta sa gefen mayafinta ta goge masa.

Jama'a, faɗin "ban gane ba" bai taɓa rage wa kowa girma ba. Kada kunya ko girman kai su sa ka amsa "eh" ga maganar da ba ka fahimta ba, ka nemi wanda zai fassara maka.