Furar Gayyar Mandera

Maniru ne na tara a layi, kuma takwas ɗin da suka riga shi shiga kowa da takardar digiri a hannu. Shi kuwa daga shaidar sakandare sai tsumman goge gumi.

Wata ƙungiyar taimakon al'umma ce a Shagari ke neman wanda zai riƙa haɗa kan masu aikin sa-kai, da ɗan alawus duk wata. Maniru ya baro Bodinga da safe bai karya ba. Albasarsa ta ruɓe tun kafin ta ga kasuwa, kuma jiya matarsa Atika ta kankare gindin rumbu ta yi wa yara uku kunu. In aikin nan ya kuɓuce, bai san da wace fuska zai shiga gida ba.

Da aka kira shi, ya shiga a hankali, ya zauna, ya tura ƙafarsa ta hagu can ƙarƙashin kujera. Maza biyu ne ke tambaya. A tsakiyarsu akwai wata dattijuwa, Hajiya Kulu, uwar ƙungiyar, tana jan carbi.

Tambaya ɗaya ce mai nauyi: ya taɓa tara jama'a su yi aikin da ba za a biya su ba?

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Maniru ya kamo labarin da ya fi kowa sani. Ya ce yana da amini a Mandera, Ɗantani, Allah Ya jiƙansa. Shekara uku da suka wuce Ɗantani ya faɗo daga babur ana tsakiyar damina, ƙafa ta karye, ciyawa ta fara shaƙe masa gero. Shi Maniru ya bi masallatai da majalisu har ya tara majiya ƙarfi arba'in, suka nome gonar kafin azahar. Ya faɗi yadda majinyacin ya ji labari a kwance, ya juya fuska bango yana kuka. A nan muryarsa ta yi rawa da gaske.

Mazan suka dubi juna suna gyaɗa kai. Carbin Hajiya Kulu kuwa ya tsaya.

Ta ce, "Mai kiran gayya shi ka ciyarwa. Wa yad dama hura?"

"Innata," in ji Maniru. "Ƙwarya goma."

Ta daɗe tana dubansa, daga kwarmin idonsa har ƙafar da ya ɓoye. Kunya da tsoro suka taru suka danne shi. Rabonsa da Mandera tun ranar ta'aziyyar Ɗantani, a ƙofar gida ya zauna cikin maza, bai shiga ciki ba.

Ta jawo takarda ta dangwala hannu, ta ce ya fara aiki ranar Litinin. Maniru ya miƙe yana zuba godiya, ya ɗingisa zuwa ƙofa.

"Maniru," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wanda anka yi ma gayya ya san daɗinta, shi yas sa na ba ka. Amma ƙwarya sha biyu ce. Ni na dama ta da hannuna, ɗana Ɗantani ya ɗauka ya kai gonakka."