Hannun da Na Miƙa

Da na ɗaga abokin karawata sama na maka shi da ƙasa a kejin faɗa na Legas, sai na ja da baya, na miƙa mashi hannu. Haka marigayi maigidanmu ya koya mana, shi da ya fara share filin kokawa a Tafoki: "In bayan mutum ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Ka tashe shi, ka kakkaɓe mashi jiki."

Ba wanda ya gaya mani cewa a keji, faɗa ba ya ƙarewa a ƙasa. Ya cafke hannun, ya fizgo ni, ya murɗe mani wuya har na ji ƙas.

Bana da kaka aka yi taron tunawa da marigayin. Daga ɗakin da na shekara uku a kwance nake jin ganguna, da sanƙira a lasifika: "Duk cikin yaran Baba, ba wanda bayansa ya taɓa ƙasa."

Fili ya ɗauki sowa. Ba wanda ya gyara mashi.

Matata ta shigo da tsumma da ruwan ɗumi. "Maigida, daure in juya ka. Bayan nan naka ya sake yin gyambo."