Tsamiyar Malam Barau

Tun da aka halatta fitar da bishiyoyi ƙasashen waje, tsamiyar Malam Barau ce kaɗai ta rage a garin. Yau aka ɗora ta a tirela zuwa wani otal a Aljeriya. In ta isa da rai, mai otal zai haƙa musu rijiya.

"In ta mutu a hanya fa?" ya tambayi ma'aikaciyar inshora.

"Mai otal za mu biya, Baba."

Ya ɗauko jarkar ruwan shan gidansa, zai hau tirela.

"Ita ke da izinin ƙetare iyaka, Baba, ban da kai," in ji direba.

Ya miƙa masa jarkar. "Safe da yamma, ɗana. Ba ta saba da tafiya ba."