Ranar da 'Yan Tsaki Suka Gudu

Senami tana cikin cin akasa, wato tuwon ƙullun masara, da soyayyen kifi ta ga 'yar tsako ta farko ta ɓace daga allon kwamfuta.

A ma'ajiyar jini ta wani asibiti a Kwatano, babbar kwamfuta ɗaya ce ke ɗauke da ƙananan kwamfutoci marasa jiki a cikinta, kowace da aikinta. Da wata manhaja ta kyauta ake kiwon su, wadda masana daga ƙasashe da dama ke taruwa suna gyarawa. Marigayi Baba Gbaguidi, wanda ya koya mata aikin, kaza da 'yan tsaki yake kiran su.

Ga shi yau wani yana kwashe 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya, ba da izininta ba.

Fankar kazar tana ta gurnani, kamar yadda take yi kwanan nan. Ɗakin ya ɗau zafi. Senami ta share wuyanta, a zatonta gumin tsoro ne.

Kodjo mai raba jini ya leƙo. "Tanti, mai haihuwa ce a ɗakin tiyata, jini suke so. Lafiya? Kin yi fari kamar garin rogo."

"Ɓarawo ya shigo mana, Kodjo. Saura 'yar tsakon da ta san rukunin jinin kowace leda."

"To zare wayar mana."

"In na zare tana tsakiyar tafiya, ta tsinke biyu. Wane jini za ka kai wa matar?"

Duk da haka ta kama wayar. Ƙafarta ta bugi tsohon akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin marigayin, wanda ya hana kowa kashewa, har mai shara take shanya tsumma a kansa. Ta kasa zarewa. Tana ji tana gani ta ƙarshe ta fice.

Sai kazar ta yi tari, ƙauri ya tashi, hayaƙi ya biyo baya, ta mutu.

Kodjo ya ruga waje. Can ya dawo yana tafiya a hankali. "Tanti, kwamfutata tana aiki. Komai yana nan. An kai mata jinin."

A lokacin ne Senami ta ji ɗumi a idon sawunta. Ta sunkuya. Tsohon akwatin yana ta huci, fitilunsa duk a kunne.

Ashe ɓarawon Baba Gbaguidi ne, yana kabari tun bara. Kafin ya tafi ya koya wa 'yan tsakinsa, duk ranar da zazzaɓi ya kama uwarsu, su gudo cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburinsa.