Illa Ba Ya Ɗaukar Ƙarami

Illa ya taɓa ƙaramin batirin da ƙafa, ya taɓe baki. Wai shi ma akwatin ajiye wutar lantarki ne! Abin da bai fi kwanon tuwo ba.

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Layin masu kayan wuta na kasuwar Damagaram ya yi tsit, kowa ya gitta benci a ƙofar shagonsa ya tafi masallaci. Shagon da aka rubuta wa "Haruna Mai Batir" kaɗai ne a buɗe, nan Illa ya shige bai tarar da kowa ba.

Kwana huɗu ke nan babu wuta a unguwarsu. Rakiya matarsa da zoɓo da ƙanƙara take ci da gidan, ga shi firigo ya koma akwatin ɗumi. Jiya da kuka ta zubar da jarka biyu da suka yi tsami. Ta rantse in mako ya fita a haka, sai ta sayar da firigon. Illa kuwa, da bai taɓa riƙe sana'a wata uku ba, ya bugi ƙirji ya ce yau zai kawo magani.

Batir biyu ne a gabansa. Ƙaramin yana da hannun riƙo, yana shiga jaka. Babban yana da tayoyi, da bakin sa waya har shida, nauyinsa ya kai rabin buhun gero. Illa ya leƙa titi, ya dawo ya shafa babban.

"Sannu da zuwa."

Illa ya juya da sauri. Wani dattijo ne ya fito daga bayan kwalaye, da singileti mai huji da guntun waya a hannu. Illa ya dube shi sama da ƙasa, ya gama yanke masa hukunci: ɗan aikin shago ne da ya tsufa a shara.

"Alhaji Haruna ya ce in zo in zaɓa," in ji Illa. "Mun gama magana, yanzu muka rabu a ƙofar masallaci."

"To madalla, malam. Don me kake so?"

"Firigo."

"In ƙaramin firigo ne, wannan ɗan ƙaramin zai riƙe shi rabin yini. Ga shi ba nauyi, mutum ya ɗauka ya yi sauri da shi."

Illa ya yi dariyar raini. Shi ne za a gani da abin cajin tarho? Me maƙwabta za su ce? Tsohon nan ko takalmi babu, amma har yana da shawara.

"Kai baba, kama mini babban. Ba surutu na zo ji ba."

Dattijon bai yi musu ba. Ya ce tayar gaba ta cije, a juya shi ta can ciki. Illa ya shige lungu, ya duƙa, ya rungumi batirin yana nishi, yana ƙissima fuskar Rakiya in ta gan shi.

Sai ya ji ƙofar ƙarfe ta sauko. Ya waiga. Dattijon ya murɗa makulli ya jefa a aljihu, yana latsa tarho cikin natsuwa.

"Zauna ka huta kafin 'yan sanda su iso," ya ce. "Ni ne Haruna, ɗana. Ni ranar Lahadi nake zuwa sujada."